Sola ta daina kai wa asuba: laifin fanel ne ko na batir?

Ƙorafin da masu haɗa sola suka fi ji a Kano guda ɗaya ne, kalmomin ma kusan ba sa sauyawa: "Injiniya, da har asuba take kai mu, yanzu ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka." Mai gida zai rantse jabun batir aka sayar masa. Mai shago zai ce, "Alhaji, lodinku ne ya yi yawa." Wanda ya haɗa kayan kuwa, in an yi sa'a ya ɗaga waya, cewa zai yi ƙura ce, a sa yaro ya hau ya wanke. Kowannensu na iya zama da gaskiyarsa. Amma a gidaje da dama abin da ya faru bai kai haka ruɗani ba: tun ranar da aka kafa kayan, wutar da gidan ke sha da dare ta fi wadda ake tarawa da rana, batir ne yake ta cike giɓin da ransa har ya ƙare.

Ba a banza mutane suka yi rububin sola ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa 200 da 'yan kai. Sai ga duhun Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir suka samu matsala, Arewa ta shafe fiye da mako ba wuta. Kafin nan Kano ta san manyan ayyukan sola, irin na Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019 da tashar megawat 10 ta Challawa da aka ƙaddamar a farkon 2023. Amma waɗannan shekarun ne suka hau da fanel kan rufin masu ƙaramin ƙarfi. Da kasuwa ta buɗe, duk wanda ya iya ɗaura soket ya zama injiniyan sola. Akwai ƙwararru na gaske a garin nan, sai dai mai saye ba ya gane bambancin sai bayan shekara guda.

Mu fara daga kan rufi. Lambar da aka rubuta a bayan fanel, a ce wat 500, an auna ta ne a ɗakin gwaji, cikin cikakken haske, jikin fanel ɗin yana digiri 25. Fanel haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya ƙaru. A watan Afrilu, lokacin da iskar Kano ke haura digiri 40, gilashin da ke kwance a kan kwano yakan kai 65 ko fiye. Kusan kashi 16 ke nan ya tafi tun ba a yi maganar komai ba. Shi ya sa a tsakiyar bazara, daidai lokacin da fanka ba ta hutawa kuma firji ke ta gurnani, fanel ba ya bayar da abin da ake tsammani. Wanda ya manna shi da kwano bai bar masa ratar da iska za ta ratsa ta ƙasa ba, ya ƙara masa wahala.

Hunturu kuma ta hanya biyu yake rage wa fanel ƙarfi. Hazon da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana tare hasken tun a sararin sama, sannan ya sauka ya kwanta a kan gilashi. Hau rufin da aka yi wata guda ba a wanke ba a watan Janairu, ka ja yatsa a kan fanel: layi baƙi ƙirin zai fito a tsakiyar jar ƙura, yatsanka kuma ya koma kamar ka taɓa garin bulo. Wankin ba wuya, ruwa ne da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar. Watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu da tsakar rana na iya tsaga shi, taka shi da ƙafa kuma yana fasa ƙwayoyin ciki, fashewar da ido ba ya gani.

In an cire zafi da ƙura da asarar waya, fanel mai wat 500 a Kano yakan ba da kimanin yunit 2 a rana, irin yunit ɗin da ake saye a mita. Guda huɗu, yunit 8. Wannan ita ce lambar da ya kamata mai gida ya riƙe, domin duk sauran lissafin a kanta yake tsaye. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta gane fanel ɗin da aka sauya wa takarda: girman jiki. Fanel na zamani yana ba da wat 200 da ɗoriya a kowace murabba'in mita, don haka mai wat 500 na gaskiya ya fi dogon mutum tsawo, faɗinsa kuma ya ɗara mita guda. In an nuna maka wanda bai kai ƙirjinka ba an ce 500 ne, ka san inda aka dosa.

Inuwa ce abin da aka fi rainawa. Ƙwayoyin fanel a jere suke, wuta na bi ta ɗaya ta shiga ɗaya, saboda haka inuwar ƙafar tankin ruwa, ko ta dish, ko reshen darbejiya, in ta faɗa kan ɗan ɓangare tana iya shaƙe sulusin fanel, wani lokacin ma ta ja duka jerin fanel ɗin ƙasa. Kashin tattabaru da ya bushe a wuri ɗaya yakan sa wurin ya riƙa ɗaukar zafi har ya ƙone. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka fanel kudu ya kamata ya fuskanta da ɗan karkata kaɗan, amma sau da yawa ɓangaren rufin da tsani ya fi saurin kaiwa ake zaɓa. Wanda aka ɗaure da waya maimakon ƙarfe da noti kuwa, iskar farkon damina ce ke yi masa hukunci.

Daga rufi zuwa ɗaki nan ne haɗarin rai yake. Don a fitar da wat 1,000 daga batir mai bolt 12, sai amfiya fiye da 80 ta bi ta waya, alhali a tsarin bolt 48 amfiya 21 ta isa. Siririyar waya, ko wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a baya, za ta yi zafi ta cinye wutar a hanya. Haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da tef yakan saki, ya fara tartsatsi. Wutar NEPA tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wannan ne ke taimaka wa tartsatsinta ya mutu da kansa. Wutar fanel da ta batir hanya ɗaya take bi, in ta kama ci ba ta saki. Saboda haka bureka da fis na wutar gida ba su dace da wannan ɓangaren ba, akwai nasa daban. Gidan da ba a kafa masa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ba, ba a kuma sa abin tare tsawa ba, walƙiya ɗaya a watan Agusta ta isa ta ƙone inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Sai kwantirola, na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji: mai arha, PWM, tana zubar da wani kaso na ƙarfin fanel, musamman manyan fanel na yanzu, MPPT kuwa tana juya rarar bolt ta koma caji. Ta gaskiyar tana da nauyi saboda naɗin wayar da ke cikinta. In ka ɗaga ka ji ta sakayau duk da an rubuta MPPT a goshi, ka ajiye.

To, batir. Fanel mai kyau yana shekara 20 zuwa 25 yana aiki, inbata ma in an kula da ita tana daɗewa. Batir shi kaɗai ne a cikin kayan da kowane dare ake gutsurar ransa. Tubula, wato dogon batirin dalma mai ruwa, mai bolt 12 da amfiya 220, a takarda yunit 2.6 yake ɗauka. Amma batirin dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, wato yunit 1.3 ne naka. Gida mai batir biyu yana da yunit 2.6 na dare. Yanzu a lissafa: fankar sama uku, kowacce wat 70, awa 10, yunit 2.1 ke nan. Ƙwan fitila, talabijin da dikoda, a ce 0.7. Firji zai ɗauki abin da ya kusa yunit guda kafin gari ya waye. Ita kanta inbata, ko ba a kunna komai ba, tana cin nata, kusan rabin yunit a dare. An haura yunit 4 ke nan, ba a taɓa dutsen guga ba, ba a kuma jona hita don ruwan shayi ba. Batiran nan biyu za su iya ɗaukar wannan a watannin farko, shi ya sa mai gida ke yabon injiniya. Ana tatse su ne har ƙasa kowane dare.

Tatsewar ma da sauƙi in da safe za su cika. Batirin dalma yana da wani hali: kashi 80 na farko yana shiga da sauri, ragowar kuwa sai an ba shi awanni a hankali. In fanel ɗin ba su isa ba, ko mutanen gida suna shan wutar da rana tun kafin ta kai ga batir, sai rana ta faɗi bai ƙoshi ba. Gobe ma haka. Wani farin gishiri da ke taruwa a jikin dalmar lokacin da ake shan wuta, wanda cikakken caji ke narkarwa, sai ya daskare ya zama ba ya narkuwa. Daga nan batir ya ƙanƙance ta ciki. Zai riƙa cika da wuri, allon inbata ya nuna ful tun kafin azahar, Hajiya ta ce yau kam an samu rana, da dare kuma ya zube cikin awa uku. Saurin cika alamar ciwo ce a tsohon batir. Abin takaicin shi ne maganin da aka fi bayarwa a nan: "A ƙara batir biyu." Fanel ɗin da suka kasa cika biyu, ta yaya za su cika huɗu? Ƙari a kan haka, haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya yana jawo sabon ya koma matsayin tsohon.

Sai zafi. Ƙa'idar da masu ƙera batir suka sani ita ce, kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Je ka duba inda ake ajiye su a gidajenmu: ƙarƙashin matakalar bene, ko ɗan sito marar taga, an jibga katan a kai. Za ka tarar da kan batir ya yi farin gari mai kore-kore, 'yan sandunan da ke nuna yawan ruwa sun nutse har ƙasa, wani lokacin cikin batirin ya kumbura. Ruwan da ake ƙarawa ruwan batir ne tatacce kawai. Fiya wata da ruwan burtsatse suna ɗauke da gishirin da ke lalata shi, ƙara asid kuma ba gyara ba ne. Lokacin caji yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, don haka ɗakin da ake kwana ko kusa da risho ba wurinsa ba ne.

Litiyam, irin LiFePO4 da ya cika shaguna yanzu, ya kauce wa yawancin waɗannan. Mai bolt 51.2 da amfiya 100 yana ɗaukar yunit 5 da ɗan ɗori, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, ba ya neman ruwa, kuma rashin cika kullum ba ya cutar da shi. Masu ƙera shi suna rubuta zagaye 3,000 zuwa 6,000 na caji da sha, sai dai a digiri 25 aka yi gwajin, zafin Kano zai rage wani abu. Nasa matsalolin daban ne. A cikinsa akwai ɗan allon lantarki, BMS, mai yanke wuta da zarar lodi ya wuce ƙima ko caji ya yi ƙasa, shi ya sa yakan ɗauke ɗif ba gargaɗi. In an bar inbata a saitin tubula, ba zai riƙa caji daidai ba. Babbar damuwar ita ce ba ka ganin abin da ke cikin akwatin: akwai masu tsofaffin ƙwayoyi da aka yi wa sabuwar riga. Garantin shekara biyar ba shi da daraja in ba ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a Kano ba.

Shin batir ya cancanci kuɗinsa? Mai kallon bidiyon Turawa a YouTube ya yi hattara, domin tambayarsu daban take da tamu. A Jamus ko Ostireliya wutar gwamnati ba kasafai take yankewa ba, mai gida yana tura rarar wutarsa cikin layi a biya shi, saboda haka muhawararsu a kan shekara nawa batir zai mayar da kuɗinsa ne. A aikace mai gida a Kano ba ya sayar wa KEDCO komai. Da zarar batir ya cika, sauran hasken ranar ya tafi a banza, kuma in magariba ta yi ba batir, duhu ne ko janareta.

Hanyar auna shi ita ce a raba kuɗin batir da yawan yunit ɗin da zai bayar a tsawon rayuwarsa. Farashi yana bin dala, don haka waɗannan lambobin misali ne kawai, kowa ya sa na ranar da zai saya. A ce tubula naira 300,000, yunit 1.3 a dare, ya yi dare 1,000: kowane yunit ya tashi a naira 230. In ya mutu a dare 600, kamar yadda ake yawan gani, ya koma 385. A ce litiyam mai yunit 5 naira miliyan ɗaya da rabi, ana shan 4.5, ya yi dare 3,000: naira 111. Ƙaramin janaretan fetur kuwa, in yana ɗauke da lodi daidai, yunit ɗaya da rabi zuwa biyu yake fitarwa daga lita guda. In lita naira 900 ce, yunit ya kama 450 zuwa 600, ban da baƙin mai, da mai gyara, da ƙarar da ke hana maƙwabta barci, da hayaƙin da ya sha hallaka iyalai a cikin ɗaki.

Amsar ta dogara ne da abin da batirin zai maye gurbinsa. Wanda ke Band D ko E, da aka yi wa alkawarin awa 8 ko 4, yake kuma ƙona fetur kowane dare, batir ya fi masa, ba ma kusa ba. Wanda ke Band A kuma da gaske yana samun awa 20 ɗinsa, ƙaramin batir da zai riƙe fanka da fitila in an ɗauke ya ishe shi, ribarsa tana cikin fanel da za su rage masa sayen yunit da rana. Mafi tsadar tsarin batir shi ne inbata da tubula ba fanel, ana caji da wutar Band A: ka sayi yunit a 200 da wani abu, kusan kashi 20 ya ɓace wajen shiga da fita, ka ɗora kuɗin tsufan batir, sai ka ga ka kusa kamo janareta.

A ganina, tambayar da ta fi "wane batir zan saya" muhimmanci ita ce wane aiki za a iya mayarwa rana. Yunit ɗin da ya fito daga fanel ya shiga na'ura kai tsaye shi ne mafi arha a gidan. A tura ruwa tanki da hantsi, a yi guga da azahar. Sumo, injin da ke jawo ruwa daga burtsatse, in mai aiki da sola ne, ba ya bukatar batir ko ɗaya, tankin da ke sama shi ne ma'ajiyarsa. Firiza in ta wuni a kunne da robobin ruwa a ciki, ƙanƙarar za ta riƙe sanyi har safe in ba a yawan buɗewa, masu sayar da ƙanƙara a watan azumi sun daɗe da sanin wannan. Fanka mai aiki da wutar batir kai tsaye wat 30 ko ƙasa take ci, sauya uku daga cikin tsofaffin yana rage kusan yunit 1.2 a dare, wato kusan tubula guda cur, a kan kuɗin da bai kai nasa ba. Tela ko mai shagon da ke rufewa da magariba yana iya wadatuwa da fanel masu yawa da ɗan batir da zai tare giɓi in gajimare ya gifta.

Esi da dare kuwa wani babi ne. Mai doki ɗaya, ko da irin mai tsimin wuta ne, a daren bazara zai iya shanye litiyam mai yunit 5 shi kaɗai, don ɗaki ɗaya. Wanda Allah ya hore wa ya saya, amma ya san jin daɗi ya saya, kada ya kira shi tsimi. Duk da haka ba komai ne ke shiga kalkuleta ba. Gidan da ke da tsohuwa mai hawan jini, ko jariri, ko maganin da dole ya kwana a firji, fanka mai juyawa har asuba a watan Afrilu ta wuce a tsaya ana raba naira da yunit.

Litiyam ya fi arha a tsawon lokaci, amma sai mai dunƙulallen kuɗi a hannu. A shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30, kamar 2024, ba kowa ne zai iya ɗaure miliyan da rabi a bango ba, ɗan kasuwa ma zai ce kuɗin nan in ya juya su a Kwari ko Singa sun fi yi masa aiki. Don haka mai sayen tubula ba wauta ya yi ba, muddin fanel ɗinsa za su cika shi kullum, yana wuri mai iska, ana duba ruwansa, kuma an saita inbata ta yanke tun bai wuce rabi ba. Yana da wani ɗan ragi ma a ƙarshe, domin 'yan gwangwan suna sayen mataccen batir saboda dalmar da ke ciki, wasu shagunan kuma suna karɓar tsoho su rage kuɗin sabo. A miƙa shi a rufe yadda yake. Kada a bari a fasa shi a tsakar gida ko a zubar da ruwansa a kwata, domin dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma in ta shiga ƙasa ba ta ruɓewa.